Fatsa a bakin jeti: injin naɗe zare mai maɓalli zai yi a ruwan Legas?

Wani ɗan'uwa mai noman alayyahu da rama a wajen Ojo ya aiko da tambaya. Ya ce in ya gama ban-ruwa da yamma yakan leƙa kusa da jetin Ebute Ojo, wato dandalin da jiragen ruwa ke tsayawa su ɗauki fasinja, ya jefa fatsa da zaren hannu. Yanzu yana so ya sayi sanda, an kuma nuna masa injin naɗe zare mai rufaffiyar fuska da maɓalli a baya, wanda ake kira sifinkas. Zai yi masa? Kuma yaya zai riƙa jifa ƙugiya ba ta maƙale a ginshiƙai ba?

Malam, zai yi. Ga wanda bai taɓa riƙe inji ba ma, shi nake fara ba shi, domin zarensa ba ya yawan cukurkuɗewa kuma hannu ɗaya ya isa wajen jifa. Aibinsa dai ba ya jifa da nisa, ba ya kuma jure babban kifi. To amma a jeti ina ruwanka da nisa? Kifin yana nan ƙarƙashin ƙafarka, ya fake a inuwar katako yana tsintar jatan lande da ƙananan halittun da ke manne da ginshiƙai.

Wajen saye, murɗe murfin gaba ka duba ciki. Ƙananan ƙusoshin da ke kama zare in ana naɗewa su zama na ƙarfe, kuma in biyu ne ya fi ɗaya. Ka ja zaren da hannu: birkin injin, wato abin da ke riƙe zare in kifi ya ja, ya riƙa sakinsa sumul, ba da fizga-fizga ba. Zebco 33, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1954, shi ne sanannen irin wannan inji, yakan zo da zaren roba mai ɗaukar fam 10, wato wajen kilo 4 da rabi. Wannan ya isa karfasa da matsakaiciyar tarwada. Kada ka sa masa zaren saƙa, na roba shi ne abincinsa. Sanda kuwa gajera, ƙafa 5 da rabi zuwa 6.

Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Ruwan lagun, wato wanda jetin yake kansa, gauraye ne da na teku, kuma gishirinsa na ƙaruwa da rani. Murfin nan da ke kare zare shi ne kuma ke ɓoye laima. Nawa na farko haka na yi asararsa: na bar shi a jaka mako biyu ban wanke ba, da na buɗe sai na tarar da farin gishiri ya daskare, maɓalli ya ƙi dawowa. Don Allah duk ranar da ka dawo, cire murfin, ka ɗauraye da ruwan famfo, ka bari ya sha iska, sannan ka ɗiga ɗan mai.

Batun jifa kuma, manta da ɗaga sanda ta bayan kai. Sako zare kamar kamu biyu daga bakin sanda, danna maɓalli ka riƙe, ka sunkuyar da sanda, ka yi lilo da koto daga ƙasa zuwa gaba, sai ka ɗaga babban yatsa. In ka saki da wuri zai faɗi a gabanka, in ka makara zai tashi sama ya bugi katako. Ka ga zai wuce gurbi? Sake danna maɓallin, nan take zai tsaya. Ka fara gwadawa a gona da dalma kawai, ka ajiye bokiti taku goma, har hannu ya faɗa.

Ruwan nan yana cika yana janyewa sau biyu a yini, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti 50 kullum. Sa'ad da yake tafiya kifi ya fi ci. Jefa ta gefen da ruwa ke fitowa, ka bar shi da kansa ya kai koton ƙarƙashin jetin. Ɓawon kawa da ke jikin ginshiƙai kaifi gare shi kamar reza, saboda haka ɗaura zare mai kauri, na fam 20, kamu uku kafin ƙugiya. Kifi na kamawa ka janyo shi fili, kada ka ba shi damar zagaye ginshiƙi.

Jetin fasinja ba naka ba ne kai kaɗai. Nemi izinin ma'aikatan LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ko masu kula da wurin, ka naɗe zarenka in jirgi na shigowa, ka nisanci igiyoyin ɗaure jiragen. Harabar tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can kuwa, kada ma ka kusance su da sanda.