Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa Amurka: batun tsofaffin hotunan besbol

Ƙanina, saƙonka ya iso. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka gani a intanet ana sayar da tsofaffin hotunan 'yan wasan besbol da miliyoyin daloli, kana tambaya ko in ka zo za ka iya shiga harkar ka riƙa biyan kuɗin makaranta.

Ka cire kuɗin makaranta daga wannan lissafin. Bizar ɗalibi ta F-1 aikin cikin makaranta ta yarje maka, shi ma awa 20 a mako lokacin karatu. Saye da sayarwa a kasuwar intanet ta eBay a kai a kai kasuwanci ne, zai iya ja maka asarar bizar. Miliyoyin nan kuwa, ina kyautata zaton katin tsohon ɗan wasa Honus Wagner ka gani, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. An sayar da guda a kan dala miliyan 6.6 a 2021, amma waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba. Ba irinmu ke tsintarsa ba.

Abin da muke tarawa daban ne. A farkon ƙarni na 20 kusan kowane ƙaramin gari a Amurka yana da ƙungiyarsa, haka masaƙu da ma'aikatan jirgin ƙasa. Mai hoton gari zai jera su, ya wanke hoton a kan katin aika wasiƙa. Za ka ga ƙarti cikin rigunan ulu, sunan garin a ƙirji, sandunan wasa a gicciye gabansu, wani yaro zaune a ƙasa yana harare-harare. Irin waɗannan ana samunsu a kasuwar gwanjo da shagunan tsofaffin kaya, sau da yawa da kuɗin da bai wuce na cefane ba.

Wahalar tana wajen rabe na asali da jabu. Juya katin tukuna. In bayansa an raba shi biyu da layi, ba zai riga 1907 ba, don a shekarar ne gidan waya ya yarda a rubuta saƙo gefen adireshi. In gurbin kan sarki na ɗauke da kalmar AZO (sunan wata takardar wanke hoto) da 'yan alwatika huɗu duk suna kallon sama, takardar ta tsakanin 1904 da 1918 ce. Sai ka sa madubin ƙara girma: hoton da aka wanke sumul yake, wanda injin ɗab'i ya buga ɗigo-ɗigo ne. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi ma tana aiki, domin takardar hoto ta bayan shekarun 1950 takan yi ƙyalli a ƙarƙashinta, tsohuwa kuwa shiru.

Ni dai zuciyata tana ga hotunan ƙungiyoyin baƙaƙen fata. An rufe musu ƙofar manyan gasa, sai Rube Foster ya kafa musu tasu a birnin Kansas a 1920, kuma ƙofar ba ta buɗe ba sai da Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1947. Hotunansu sun yi ƙaranci, shi ya sa suke da tsada, jabunsu kuma ya cika kasuwa. A birnin Kansas ɗin akwai gidan tarihinsu. In ka samu hutu, ni da shi na fi so ka fara kafin babban gidan tarihin besbol na garin Cooperstown.

Tun kana gida ma za ka iya saba wa idonka. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka hotunan George Grantham Bain, mai kamfanin hotunan jarida, a intanet kyauta, na besbol jingim a ciki. Ka duba su in data ta samu. Ka gaida Hajiya, kuma ka turo mini ranar tasowarka.