Amsa ga mai fom ɗin da ke cewa "an adana" alhali wasu babu su a tebur

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina karanta tambayarka na ji gabana ya faɗi, domin wannan ramin ni na kwana a cikinsa. Ka ce fom ɗinka yana nuna an adana, amma in ka buɗe phpMyAdmin, inda ake duba rumbun bayanan, sai ka tarar wasu sun shiga wasu babu su, sannan shafin da ke jawo mutum da ?id= wani lokaci fari fat yake fitowa. Kod ɗin da ka liƙa mana kuma ga shi nan, kana zuba $_POST, wato abin da aka cika a fom, kai tsaye cikin INSERT, umarnin da ke adanawa. Kafin ka taɓa komai, je ka dubi sunayen waɗanda ba su shiga ba. In ban yi kuskure ba za ka ga Sa'adatu, Rabi'u, Shu'aibu, Isma'il, ko wani da ya rubuta garinsu Jama'are. Hamza, wato alamar ' da ke cikin sunayen nan, ita ce take cin ka.

Da ita MySQL, manhajar rumbun bayanan, yake gane inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. In ka aika masa VALUES ('Sa'adatu') sai ya karanta 'Sa', ya ɗauka suna ya ƙare, ya ga adatu tsaye ba dalili, ya jefo kuskure mai lamba 1064. Kai ba ka ganin kuskuren saboda kod ɗinka ba ya tambayar ko aikin ya yiwu, echo kawai yake yi, wato ya buga "an adana".

Ni a aikin wata makaranta mai zaman kanta abin ya same ni, kuma ba ma ni na rubuta kod ɗin ba. Wani oga ne, wanda a lokacin nake ganin girmansa, ya karɓi kwangilar, ya yi rabi, ya miƙo min ya ce in gyara fuskar shafin kawai in ɗora a intanet, sauran duk ya gama. Na yarda, ban buɗe fayil ɗin da ke adana ɗalibai ba ko sau ɗaya. Aka yi rajistar zango guda cur a kansa. Sakatariyar makarantar tana shigar da yara, koren saƙon nasara yana fitowa, tana wucewa na gaba.

Ranar ba da sakamako aka kira ni da hantsi. Na iske ofishin mai makarantar cike da iyaye, wasu a tsaye a bakin ƙofa riƙe da rasit. Yara sun biya kuɗi, sun yi jarrabawa, amma babu su a kwamfuta. Mai makarantar bai ko amsa gaisuwata ba, ya nuna ni da biro ya ce wa iyayen ga wanda ya ɓatar muku da 'ya'ya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata uwa ta miƙo min rasit har kusa da hancina, hannunta yana rawa, tana cewa da kuɗin adashe ta biya. Na fita waje na kira ogan, ya ƙi ɗagawa. Na sake kira, a kashe. Daga baya na ji ashe tun da sassafe ya riga ya yi magana da mai makarantar, ya ce shi aiki lafiya lau ya ba ni, yaron ne ya lalata. Mutumin da na sha yi wa aiki kyauta da sunan koyo, har kwana na yi a shagonsa muna ɗora Windows. Cikon kuɗina har yau yana wurinsa, kuma muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure ya miƙo min hannu yana murmushi kamar babu abin da ya faru. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Da daddare na buɗe fayil ɗin. A layin farko error_reporting(0), mai kashe saƙonnin kuskure. Gaban mysqli_query ya manna @ don ko tari kada ya yi. Ƙarƙashinsa saƙon nasara, babu if babu komai. Wato ya san akwai kuskure, ya toshe masa baki.

Abin da ya ƙara rikita ni, akwai wata Sa'adatu da ta shiga lafiya, ga ta a tebur da hamzarta. Na yi kusan awa biyu ina kallon layin nan. Sai da na ƙara girman rubutun na ga tata hamzar lanƙwasasshiya ce, irin wadda Word yake sakawa da kansa. Sakatariyar wani lokaci kwafo sunaye take yi daga takardar Word, wani lokaci ta buga da hannu. Waɗanda ta kwafo sun wuce, waɗanda ta buga sun faɗi. Wayar iPhone ma irin lanƙwasasshiyar take bayarwa, don haka kada ka gwada da waya ɗaya ka ce ka gama.

To ga abin da za ka yi yau. Ka fara buɗe bakin kuskuren tukuna, ka sa wannan kafin ka haɗu da rumbun bayanan:

mysqli_report(MYSQLI_REPORT_ERROR | MYSQLI_REPORT_STRICT);

Daga PHP 8.1 haka yake zuwa da kansa, amma tun da naka yana yin shiru, ina kyautata zaton tsoho ne a hostin ɗinka. Sannan ka daina haɗa umarnin da hannu gaba ɗaya:

$st = $conn->prepare("INSERT INTO dalibai (suna, gari, waya) VALUES (?, ?, ?)");
$st->bind_param("sss", $suna, $gari, $waya);
$st->execute();

Umarni ya tafi daban, bayanai su tafi daban, hamza ta zama harafi kamar kowane. Kada ka sa alamar tambayar cikin hamzoji, '?' ba gurbi ba ne, rubutu ne. Kuma ka ƙirga da yatsa: alamun tambaya uku, haruffa uku, abubuwa uku. In PDO kake amfani da shi maimakon mysqli ka yi kuskuren lissafin nan, HY093 za ka gani.

Na san wani zai zo ƙasan nan ya ce ka sa addslashes ko ka goge hamzar da str_replace. Don Allah kada ka ji. Ni na yi na biyun a daren nan saboda tsoro, washegari takardun sakamako suka fito da Saadatu da Rabiu da Shuaibu, wani dattijo ya dawo da ta jikansa ya ce shi ba haka ya raɗa masa ba. Na guje wa gara na faɗa gidan zago. Sunan mutum ba naka ba ne da za ka rage masa harafi don kod ɗinka ya huta.

Ka lura na sa s (rubutu) a waya, ban sa i (lamba) ba. Lambar waya ba lissafi za ka yi da ita ba. In ka ba ta INT, wato kolom na lambobi, sifilin gaba ya tafi, kuma INT ba ya wuce 2147483647, lambobinmu kuwa masu farawa da 080 ko 070 duk sun zarce haka. A sabar da ba a tsaurara ba, wato ba a kunna strict mode ba, shiru zai yi ya rubuta 2147483647 ga kowa. Na taɓa ganin tebur da iyayen makaranta kaf lambarsu ɗaya ke nan. In an tsaurara, kamar yadda MySQL yake zuwa tun daga 5.7, sai ya ƙi karɓa da kuskure 1264. Shi ya sa abu zai yi aiki a kwamfutarka ya ƙi a hostin, ko akasin haka. VARCHAR, wato kolom na rubutu, za ka ba ta, ita da NIN da lambar asusun banki.

Af, na tuna. Ka gwada shigar da Ɗanladi ko Ƙofar Mata ka ga me zai fito. Tsofaffin tebura da yawa tsarin haruffansu latin1 ne, domin sai a MySQL 8.0 utf8mb4 ya zama na asali, shi kuma latin1 bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka sa $conn->set_charset("utf8mb4") kuma ka juya teburin shi ma, bayan ka ɗauki kwafin ajiya, ina maimaitawa, bayan ka ɗauki kwafin ajiya. In kana ganin Æ™ a wurin ƙ, da sauran rai, ana iya ceto shi. In alamar tambaya ce ta zauna a wurin harafin cikin teburin kansa, ya tafi ke nan, sai dai a sake bugawa.

Batun ?id= ɗinka kuwa, shi ya fi ba ni tsoro. Yadda ka rubuta shi, duk wanda ya ƙara OR 1=1 a ƙarshen adireshin zai jawo bayanan kowa, wanda ya fi shi mugunta kuma ya yi abin da ya fi haka. Shi ma prepare ne maganinsa, da i wannan karon. Farin shafin da kake gani, ka duba ko adireshin yana zuwa ba tare da id ɗin ba, ko fom ɗin POST yake aikawa kai kana nema a $_GET. Ka yi var_dump na duka biyun ka gani da idonka, kada ka yi zato. Na taɓa ɓata yini guda a kan akwatin fom da na ba id na manta ban ba shi name ba, burauza kuwa ba ta aika abin da ba shi da name. In kana wucewa da lamba mai +234 ta adireshi, alamar tarawar za ta koma fili sai ka bi da ita ta urlencode. Sunan kasuwanci mai & a ciki shi ma yankewa zai yi a tsakiya. Gurbin alamar tambaya kuma ba ya karɓar sunan tebur ko na kolom, don haka in kana barin mutum ya zaɓi ORDER BY, ka rubuta jerin waɗanda ka yarda da su ka tantance da kanka.

Ban sani ba ko aikin nan naka ne ko gadonsa ka yi. In gado ne, kafin ka karɓi kobo ka zauna ka karanta duk fayil ɗin da ke da INSERT ko UPDATE, ka nemi @ da error_reporting(0), ka ɗauki hoton abin da ka tarar ka tura wa mai aikin a rubuce da kwanan wata. Da na yi haka da ba a tsayar da ni gaban iyayen yara ba. Kuma ka karɓi rabin kuɗinka tun farko, ko da wanda ya ba ka aikin limamin unguwarku ne.

Ka sa layin mysqli_report ɗin, ka shigar da Sa'adatu da hannu, ka kwafo mana saƙon da ya fito yadda yake, tare da abin da SHOW CREATE TABLE ya ba ka. Ka goge kalmar sirrin rumbun kafin ka liƙa, na ga ta fito a hoton farko da ka turo, gara ma ka canza ta yanzu. Ina nan har bayan isha'i in wuta ba ta ɗauke ba.