Tambaya da Amsa: Me ya sa ake neman wani gwajin bayan tiyatar sankarar glandar yawu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An yi wa mahaifina tiyata an cire kumburin da ya daɗe a ƙasan kunnensa, har bakinsa ya fara karkacewa. Sakamako ya nuna sankarar glandar yawu ce, amma an ce a sake tura tsokar gwajin HER2 da na wani furotin mai karɓar sinadarin mazakuta. Na farkon bai wadatar ba ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Glandar da aka yi masa aiki ita ce wadda hangum ke kumbura wa yara, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta cikinta ta ratsa, shi ya sa bakin ya karkace. Gwajin farko sunan cutar ya faɗa, domin sankarar glandar yawu ta haura iri ashirin; na biyun kuwa yana duba ko ƙwayoyin cutar suna ɗauke da wani furotin da magani zai iya kamawa, idan ta dawo ko ta bazu bayan tiyata da gashin ƙari da na'ura (radiotherapy).

Tunda furotin biyun nan da kika ambata aka nema, mai yiwuwa irin da ke fitowa daga bututun yawu ne, mai saurin yaɗuwa. Wasu daga cikin masu wannan iri suna da HER2 da yawa, furotin ɗin da aka sani a sankarar mama, kuma a wani bincike da aka wallafa daga Japan a 2019, an ba mutum 57 masu HER2 da yawa trastuzumab, maganin da ke kama shi, haɗe da docetaxel mai kashe ƙwayoyin sankara, ƙarin ya ragu a jikin kusan kashi 70 cikin ɗari. Mafi yawan masu wannan iri kuma suna da furotin mai karɓar sinadarin mazakuta, don haka ake ba su leuprorelin da bicalutamide, magungunan da aka saba ba maza masu sankarar furostet.

Sai dai samun furotin a jikin ƙari bai nuna cewa shi ke ciyar da cutar ba. Akwai wani iri mai bin jijiyoyi a hankali wanda galibinsa ke ɗauke da furotin c-KIT. Likitoci sun sa rai ƙwarai, aka gwada imatinib mai toshe shi, amma sakamakon bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ina jan kunnen iyalai kada su sayar da gona don maganin da ba a tabbatar ya dace da irin cutar majinyacinsu ba.

Ki tambayi likitan ainihin sunan irin, ki kuma tabbatar ɗakin gwaji ya adana tsokar da aka daskarar cikin kaki, domin da ita ake yin gwajin ba sai an sake yanka Baba ba. Idan aka kai ga trastuzumab, sai an duba ƙarfin zuciyarsa tukuna.