Na Saya Musu Kayan Kariya Sun Ƙi Sawa, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da ma'aikata a wata masana'antar sarrafa roba a Sharaɗa, Kano. Kamfani ya raba hular kwano da safar hannu da takunkumi, amma ba sa sawa sai sun hango ni. Na yi faɗa, na yanke albashi, duk a banza. Watan jiya injin niƙa ya cinye wa wani yaro yatsu biyu, abokan aikinsa suka ce ƙaddara ce. Ta yaya zan gyara halin mutanen nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Kafin ka shiga gyaran halinsu, fara binciko abin da ya haifar da halin. Ba ma'aikacin da ke fitowa daga gida da niyyar barin yatsunsa a cikin inji. In ka ga mutum ashirin suna karya doka ɗaya a wuri ɗaya, to akwai abin da ke tura su, kuma galibi a tsarin aikin yake.

Ɗauki batun biya. Idan jinga ake yi, wato gwargwadon buhun da mutum ya niƙa gwargwadon kuɗinsa, to duk mintin da ya kashe inji don ya zaro robar da ta maƙale, aljihunsa ne ya yi asara. Sai ya zura hannu inji na juyawa. Ya yi yau ya tsira, gobe ma ya tsira, ya kuma fi kowa buhu, har oga ya yaba masa. Sabon yaro kuwa ba allon gargaɗin da ke bango yake kallo ba, wanda aka yaba wa yake kallo. Da haka ganganci ke zama al'adar wuri ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba.

Haka kayan da kuka raba. Wa ya gwada su kafin a saya? A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga zafin narkakkiyar roba. Takunkumin da ke toshe numfashi a wuya zai ƙare. Safar hannu ma ba ko'ina take kariya ba: kusa da abin da ke juyawa ita ce haɗarin, don haƙorin inji kan cafki safar ya ja hannun ciki. Wani lokaci tsohon ma'aikacin da ya cire ta ya fi wanda ya sayo ta gaskiya.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A 1931 wani ma'aikacin inshora a Amurka, Herbert Heinrich, ya ce kashi 88 cikin 100 na haɗurran aiki daga gangancin ma'aikata suke. Manajoji suka rungumi maganar, don ta ɗauke musu laifi. Daga baya aka soki alƙaluman sosai, musamman da yake sun fito ne daga rahotannin da shugabannin aiki suka rubuta da hannunsu. Yau abin da ake koyarwa shi ne a fara da kawar da haɗarin, in bai yiwu ba a killace shi da murfi ko shinge, sannan a gyara tsarin aiki. Kayan kariya su ne na ƙarshe a jeri, ku kuma da su kuka fara.

Saboda haka je ka duba injin nan. Yana da murfi a bakinsa, ko an kwance shi don yana rage sauri? Akwai sandar tura roba? Sai wani abu da ya addabi masana'antunmu: wuta ta ɗauke, inji ya tsaya, mutum ya sa hannu yana share ciki, can a baya wani ya tayar da janareta. Maganinsa kwaɗo ne. Duk wanda zai sa hannu a inji ya kashe babban makunni, ya datse shi da kwaɗonsa, makulli na aljihunsa har ya gama. Kuma a biya shi wannan lokacin, in ba haka ba kwaɗon zai yi tsatsa a durowa.

Yanke albashi kuwa, ka ga abin da ya saya maka: suna sa hula in sun hango ka. Babbar ɓarnarsa ita ce ya rufe bakuna. Kafin yaron nan ya rasa yatsu, ina da yaƙinin inji ya sha jan rigar wani ko ya goge fatar wani, aka yi shiru don tsoron hukunci. Allon nan na "kwana kaza ba haɗari" da ladan da ake haɗawa da shi ma haka suke yi, kowa ya ɓoye rauninsa kada ya ɓata wa jama'a lissafi. Matatar man da kamfanin BP ya mallaka a wancan lokacin a Texas City ta Amurka alƙalumanta na ƙananan raunuka suna kyau lokacin da ta fashe ranar 23 ga Maris, 2005, ta kashe mutum 15. Kwamitin binciken da aka kafa bayan fashewar, ƙarƙashin James Baker, ya gano cewa kamfanin ya sakankance da waɗannan alƙaluma, ya ɗauke ido daga lafiyar na'urorin kansu. Ka ware minti goma kafin a kunna inji, da Hausa, ka tambayi abin da ya kusa faruwa jiya. Wanda ya faɗa ka gode masa a gaban jama'a, ka gyara abin cikin makon. In an faɗa sau biyu ba a ga gyara ba, ba za ka sake jin komai ba. Hukunci yana da gurbinsa, amma ga wanda ya zo aiki a buge ko ya kwance murfi da gangan bayan an sauƙaƙa masa hanyar da ta dace. Manaja ma in zai ratsa wurin, da hularsa.

Batun ƙaddara kada ka yi musu da su, gaskiya ne. Tuna musu da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Limamin masallacin masana'anta zai fi ka iya isar da wannan bayan sallar azahar.

Shi kuma yaron yana da haƙƙi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, da kai rahoton rauni cikin kwana 7, kuma ta haɗa har da masu aikin wucin gadi. Bincika ko an kai nasa. Sauran ma'aikata sun zuba ido su ga yadda za a yi da shi.