Sabis ya cika a falo, ɗakin Hajiya babu: laifin kamfani ne ko na rauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu na gado ne a cikin birnin Kano, sassa uku: nawa, na ƙanina, sai na mahaifiyarmu can ƙuryar gida. Na sayi rauta na ajiye a falona, amma da ka wuce tsakar gida sai sabis ya fara rawa. A ɗakin Hajiya kuwa ko kiran bidiyo ba ya shiga, ga shi kullum tana son ganin jikokinta da ke Abuja. Sau biyu ina canza kamfani, abin bai sauya zani ba. Wane kamfani zan koma?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ka koma ko'ina tukuna, don ina kyautata zaton kamfanonin nan biyu da ka sallama ba su da laifi. Abin kamar ruwan famfo ne. Hukumar ruwa ta kawo shi ƙofar gida, amma bututun da zai kai shi ɗaki-ɗaki naka ne. Kamfani yana kawo intanet har cikin rauta, daga nan kuma rautar ce ke watsa shi a gida ta Wi-Fi.

Ga gwajin da zai raba gardama. Tsaya kusa da rautar, ka buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet, a wayarka, ka rubuta lambar da ta fito. Sai ka taka zuwa ɗakin Hajiya ka maimaita. Idan a falo ka ga 30, a can ka ga 1 ko babu, magana ta ƙare, bango ne ya cinye sabis ɗin.

Wi-Fi igiyar rediyo ce marar ƙarfi sosai, kuma ginin da muke yi bai raga mata ba. Bulon siminti yana rage ta, tsohon ginin ƙasa mai kauri ya fi haka, rufin kankare mai rodi a ciki ya fi duka. Ƙofar ƙarfe, babban madubi, firji da tankin ruwa su ma suna tare ta. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi ta kukan sabis, na tarar da rautar a cikin kabad bayan talabijin, an lulluɓe ta da wani ɗan kyalle mai ado wai saboda ƙurar hunturu. Da muka fito da ita muka rataye ta a bangon baranda, sama da tsayin mutum, har zaure aka riƙa samun sabis. Ko sisi ba a kashe ba. Kai ma fara da wannan: ka ɗaga ta sama, a fili, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gidan.

Sannan ka duba sunayen Wi-Fi da rautarka ke nunawa. Yawancin na yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na 5GHz ya fi gudu, amma bai cika tsallake bango biyu da ƙarfinsa ba. Na 2.4GHz bai kai shi gudu ba, sai dai ya fi shi nisa. Wayar Hajiya na 2.4 ya kamace ta. Kuma a kula, idan ka ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan Wi-Fi, sau da yawa 5GHz ake nufi, ba 5G ɗin kamfanonin waya ba. Wannan ya rikita mutane da dama.

In duk ka yi waɗannan bai isa ba, kuma a gida mai sassa uku da wuya ya isa, to maganin da na fi yarda da shi jan waya ne. Ka sayi wayar intanet nau'in Cat6, wadda ke ɗaukar har mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, a ja ta daga rautar falo zuwa sashen Hajiya, a jona ƙaramar rauta ta biyu a can. A saka wayar cikin bututun roba, don rana da ɓera ba sa barin ta. Akwai kuma rautocin da ake sayarwa biyu ko uku a kwali ɗaya suna magana da junansu, waɗanda ake kira mesh, irin Deco na TP-Link. Suna da kyau, mutum zai zagaya gida da waya a hannu ba tare da ya canza sunan Wi-Fi ba, amma su ma a gininmu sun fi aiki idan an haɗa su da waya. Abin da ba na ba da shawara shi ne 'yar na'urar nan mai araha da ake maƙalawa a soket ta maimaita sigina. Da eriya ɗaya take karɓa take mayarwa, don haka takan raba gudu kusan biyu. Idan kuma aka jona ta a ɗakin da dama babu sabis, sandunan sabis a wayar hannu za su cika fal, intanet kuwa shiru.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce, mun tare a sabon gida a Kaduna, kuma wani lokaci daga gida nake taro ta Zoom. Kowane kamfani cewa yake nasa ya fi. Yaya zan zaɓa?

Amsa: Barka kadai Malama, Allah Ya sa an tare a sa'a. Babu kamfanin da ya fi kowa a ko'ina. Wanda ke gudu a Barnawa yana iya rarrafe a Rigasa, kai har a layi ɗaya gida da gida kan bambanta, ya danganta da inda ƙarfen sabis yake da yawan mutanen da ke kansa. Shi ya sa tallan allon titi ba zai amfane ki ba.

Ki fara da tambaya ko fayiba ta iso layinku, wato wayar gilashi da ake ja har cikin gida. Idan akwai, ita ce gaba, domin ba ta damu da bango ko hadari ba, kuma gudun turawa ya fi kyau, wanda shi ne taron bidiyo ke buƙata. Matsalarta guda, masu aikin titi da gyaran kwata kan datse ta. Don haka ki tambayi maƙwabtan da ke amfani da ita kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara.

Idan babu, sai rauta mai sim. Kafin ki biya kuɗin na'ura, ki aro layukan MTN, Airtel da Glo, ki saka a wayarki ɗaya bayan ɗaya, ki gwada a ɗakin da za ki riƙa aiki. Kada ki yi gwajin da hantsi lokacin da kowa ya fita. Ki yi shi bayan isha'i, tsakanin takwas da goma, lokacin da unguwa duka ta hau TikTok, kuma ki yi kwana uku kina yi. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a wannan lokacin shi ne naki. Zoom ba ya cin gudu mai yawa, 4Mbps, wato 4 a ma'aunin fast.com, ma ya ishe shi, abin da yake so shi ne kada ya riƙa yankewa.

MTN ya fara 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Gudunsa babu magana, amma yawancinsa a zangon 3.5GHz yake, wanda bai iya ratsa bango kamar ƙananan zangunan 4G ba. Rautar 5G wurinta jikin tagar da ke kallon ƙarfen sabis. Idan gidan yana da nisa, akwai nau'in da ake kafawa a waje a sako waya ciki.

Abu biyu ki tambaya a shago, kuma ki nemi a nuna miki a rubuce. Na farko, tsarin da suke cewa ba shi da iyaka, bayan gigabait nawa ake rage masa gudu? Kusan duk suna da wannan sharaɗin. Na biyu, rautar a kulle take ga kamfani ɗaya ko tana karɓar kowane sim? Ta kamfani ta fi araha, amma ranar da sabis ɗinsu ya lalace a unguwarku ta zama kayan ado. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya ƙara muhimmanci. Ni dai a ganina, mai cin abinci da intanet ya ajiye layi na biyu ko da da 'yar data kaɗan. Waɗanda suka ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka tsaya, sun san dalili.

Tambaya: Ranka ya daɗe, garinmu ƙauye ne a Jihar Sakkwato, sai an hau tudu ake samun sabis. Starlink zai yi mana?

Amsa: Irin wurinku ne ma ya fi dacewa da shi. Ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma daga tauraron ɗan'adam yake karɓa kai tsaye, ba ruwansa da ƙarfen sabis. Yana son sararin sama fili, ba a ƙarƙashin darbejiya ba, kuma mamakon ruwan sama kan sa ya ɗan yanke. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wuta. Babban nau'insa yana jan wat 75 zuwa 100, alhali rauta mai sim ba ta cika wuce 15 ba. Ƙaramin, mai suna Mini, bai kai rabin babban ba. Don haka ka lissafa sola da batir tare da kuɗin na'ura da na wata-wata kafin ka yanke shawara. Kuma abin da na gaya wa Alhaji a sama ya shafe ka, rautar Starlink ma ba ta fi ƙarfin bangon ƙasa ba.

Tambaya: Da an ɗauke wuta rautata ke mutuwa, in an dawo da ita kuma sai na jira mintuna kafin ta kama. Akwai dabara?

Amsa: Akwai ƙaramin batir na musamman don rauta, ana kiransa mini UPS, bai wuce girman tafin hannu biyu ba, yana riƙe ta awoyi. Ka juya cajar rautar ka karanta abin da aka rubuta, yawanci 12V ne, wasu 9V, ka sayi wanda ya dace da ita. Ka tafi da cajar shago ma, saboda bakin filogin ba iri ɗaya ba ne.

Tambaya: Malam, datar wata guda na saka, kwana tara ta ƙare. Mu huɗu ne kawai a gidan.

Amsa: Ku huɗu ne a saninka. Juya rautar, za ka ga adireshi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka rubuta shi a burauza, ka shiga jerin na'urorin da ke jone, ka ƙirga. Wayoyin Android na yanzu suna nuna lambar sirrin Wi-Fi a hoton QR, yaro ɗaya ya haska wa abokinsa, kafin mako ya zagayo majalisar ƙofar gida duka tana kanka. Ka canza lambar zuwa mai tsawo, ka tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, ka kuma canza kalmar shiga rautar kanta, wadda yawanci daga kamfani admin take zuwa. Idan ka ƙirga ka ga naku ne kaɗai, to ka tuhumi talabijin. Bidiyo mai ingancin 4K yana iya shanye gigabait 7 a awa ɗaya. Ka shiga saitin YouTube ka sauko da shi zuwa 720, na Netflix ma ka rage ingancinsa, sannan ka hana wayoyin gidan sabunta manhajoji da kansu.