Filin Tambaya da Amsa: Shin Likita Zai Iya Sarrafa Madubin Tiyata Ba Tare da Ya Taɓa Shi Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar aikin jinya ce, kuma kwanan nan aka tura ni ɗakin tiyata domin koyon aiki. Na lura likitan ido yana sarrafa madubin tiyata da ƙafarsa, kuma an gargaɗe mu kada mu kusanci hannun likita bayan ya sa safa. Sai na ji ana cewa an ƙirƙiro madubin da likita zai nuna masa alama da hannu kawai ya motsa. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, yana rage kamuwa da ƙwayoyin cuta? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Fasahar tana nan, sai dai ba ta kai matsayin da labari yake kai ta ba, kuma babban amfaninta ba a wurin da yawancin mutane suke zato yake ba.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Wani likitan kunne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Olof Nylén, shi ne ya fara shigar da madubin ƙara girma cikin aikin tiyata a 1921, sannan a 1953 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da wani madubi mai suna OPMI 1, wanda daga shi madubin tiyata na zamani suka samo asali. Tun daga lokacin likitoci suke fama da abu guda: idan aka ƙara girman wuri sau goma ko sau ashirin, abin da ido ke gani sarai yakan zama siriri ƙwarai, ta yadda ɗan matsawar da ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba takan sa hoton ya dushe. Likitan da ke ɗinke jijiyar jini mai faɗin milimita ɗaya, da zaren da ya fi gashin kai sirantaka, dole ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kama mariƙin madubin, ya gyara saiti, ya koma ya nemi inda ya tsaya. A aikin ƙwaƙwalwa da ke ɗaukar sa'o'i, wannan yakan maimaitu ba adadi.

Fedar da kika gani a ƙarƙashin ƙafar likitan ido ita ce dabarar da ta fi karɓuwa, kuma aikinta kamar na fedar keken ɗinki ne: ƙafa tana tuƙi, hannaye biyu suna kan aiki. Duk wanda ya leƙa yadda ake cire yanar ido, aikin da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ta shahara da shi, ya san likita yakan zauna ne da feda a ƙarƙashin kowace ƙafa idan ana amfani da injin narkar da yanar. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun bi wata hanyar. A birnin Zurik na Suwizalan, inda Farfesa Gazi Yaşargil ya yi aiki, an samar da maɓallin da likita ke ciza da baki, burkin madubin ya saki, ya ja shi da motsin kansa zuwa inda yake so. Har yau akwai masu amfani da shi.

Sarrafawa da alamar hannu ta shigo ɗakin tiyata ne ta ƙofar hotunan sikanin, ba ta madubi ba. Likita yana tsakiyar aiki sai ya buƙaci ya sake duba hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci a allo, ga shi ba shi da damar taɓa linzamin kwamfuta, sai dai ya yi ta cewa nas “matsa gaba, a'a, koma baya”. A 2008 masu bincike suka wallafa sakamakon gwajin wata na'ura mai suna Gestix da aka yi a wani asibiti a Washington, wadda ke juya hotuna da motsin hannu. Bayan Microsoft ya fitar da Kinect, na'ura mai kyamara da ke gane motsin jiki, a 2010 domin wasannin bidiyo, asibitin Sunnybrook da ke Toronto a Kanada ya mayar da ita kayan aikin duba hotuna a ɗakin tiyata a 2011. Wata na'urar kuma mai suna Leap Motion, wadda ta shiga kasuwa a 2013, ƙarama ce kamar ƙunshin cingam, tana da kyamarori biyu da ke aiki da hasken infirared wanda ido ba ya gani, kuma tana bin motsin kowane yatsa. Idan aka haɗa irin wannan na'ura da madubin tiyata, manhaja ce ke fassara motsin zuwa umarni, ƙananan injina kuma su matsar da madubin ko su ƙara girman hoton.

Ganin hannu ba shi ne wahalar ba, gane niyya ce. Ki tuna yadda mai Keke Napep yake cin burki a gabanki don kawai kin ɗaga hannu kina kare rana. A bakin titi sai ki ba shi haƙuri ya wuce, amma madubin da ya motsa saboda likita ya miƙa hannu yana neman almakashi, a daidai lokacin da jini ke zuba, haɗari ne. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan na'urori suke sa wata alama ta musamman ko feda da za a fara takawa kafin na'urar ta saurari umarni. Ga kuma fitilun tiyata masu ƙarfi, da safar da ta jiƙe da jini, da hannayen mataimaka da ke kai da komo, duk suna iya rikita kyamara.

Akwai kuma abin da nake ganin shi ne raunin dabarar tun daga tushe. Hannun da zai yi wa madubi alama shi ne dai hannun da ake so kada ya bar aiki. Saboda haka masana'antu suka fi karkata ga kai da murya da ƙafa. RoboticScope na kamfanin BHS Technologies da ke Ostiriya misali ne: likita yana sanye da gilashi mai allo a fuskarsa, ya taka feda, ya juya kai, hannun mutum-mutumi mai ɗauke da kyamara ya bi shi.

Game da ƙwayoyin cuta, tambayarki tana kan hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suna kamuwa da cuta a wurin da aka yanka. Amma madubin da kansa ana lulluɓe shi da leda ta musamman marar ƙwayoyin cuta, ko a sa wa mariƙansa marufin da aka dafa, don haka likita yana iya kama shi ba tare da ya ɓata safarsa ba. Haɗarin yana zuwa ne idan ledar ta yage, ko ta goga da hular wani ko takunkuminsa, sannan hannu ya koma kanta. Rage taɓawa yana rage wannan, rage tsawon aiki ma yana taimakawa, tunda daɗewar rauni a buɗe tana ƙara haɗarin kamuwa. Ribar ta fi yawa a wajen lokaci da natsuwar likita.

Idan asibiti a Kaduna yana da kuɗin kashewa a kan madubi, ni dai zan ba da shawarar ya fara da feda mai lafiya, da isassun marufai, da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar aiki, da ma'aikacin da ya iya goge gilasan daga ƙurar hunturu da kare su daga fumfunar damina, wadda ke lalata gilashin madubi idan aka bar shi cikin danshi. Ke kuma, a ranar da aka ba ki aikin lulluɓe madubin, ki duba ledar da kyau kafin likita ya zauna, kuma idan kin ga ta taɓa kan wani, ki faɗa nan take ko da babban likita ne.