Amsa ga 'yar uwar da ke son sauya man danshi da haɗin dare

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin samu wani haɗin gyaran fata na dare, kina so ki san ko za ki iya shafa shi kaɗai ki kwanta, ki ajiye man danshin da kika saba. Ki juya kwalbar ki karanta abin da aka zuba a ciki kafin komai, domin iri biyu ne ake yi don dare, kuma na gwada kowannensu shi kaɗai a fuskata.

Na farko shi ne mai kaurin nan da ake kwana da shi a wanke da safe. Idan kin ga gilisarin, hayaluronik asid, seramaid ko basilin a farkon jerin, to shi kansa man danshi ne, kaurinsa kawai ya fi. Gilisarin da hayaluronik asid suna jawo ruwa su riƙe, basilin kuma ya rufe saman fata kada ruwan ya tsere, ga shi da dare ne fata ta fi zubar da ruwanta. Wannan kam ya ishe ki shi kaɗai. Ni goshina da hancina akwai maiƙo, saboda haka sai iska ta bushe nake shafa shi kullum.

Na biyun ne nake so ki nutsu a kansa. Idan abin da ke ciki ritinol ne, ko asid irin su gilaikolik, laktik da salisilik, to magani ne kike riƙe da shi. Ritinol daga dangin bitamin A yake, aikinsa ya sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, su kuma asid ɗin su ɓanɓare matacciyar fatar da ke sama. Dukansu suna iya busar da fuska kafin a ga amfaninsu. Da na gwada ritinol ba tare da man danshi ba, kwanakin farko lafiya lau. Can sai na fara jin fatar gefen bakina tana ja idan na yi dariya, gefen hancina ya soma saɓa fari-fari, hoda ma ta ƙi zama, sai ta taru a wurin. Har ruwan wanke fuska raɗaɗi yake yi mini. Wasu za su ce miki ai alamar yana aiki ne, ki daure. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Saman fata yana da wani kitse da ke haɗa ƙwayoyinta kamar siminti tsakanin bulo, kusan rabinsa seramaid ne, kuma raɗaɗin nan yana gaya miki kitsen ya ragu. Ga masu duhun fata abin ya fi muni, domin duk inda fata ta ji haushi tana iya barin baƙin tabo da zai yi watanni bai tafi ba. Kin sayi abu don ki rabu da tabo, ya ƙara miki wani.

Abin da ya zauna mini daidai shi ne in wanke fuska, in bari ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin zafin maganin. Sai in ɗiga ɗan kaɗan a kan yatsa, in raba wa goshi, kumatu da haɓa, in kauce wa gefen ido da leɓe, sannan in bi da man danshi. Idan fatarki ba ta jure abu, ki fara shafa man danshin, ki sa ritinol, ki sake rufewa da man. Ki fara da dare biyu a mako, ki ƙara a hankali. Kada ki haɗa ritinol da asid a dare ɗaya. Kuma ki yi haƙuri, ana kai wa kamar mako 12 kafin a ga canji na gaske. Da safe man kariyar rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama da haka dole ne, in ba haka ba rana ta warware miki aikin dare.

Don Allah idan kina da juna biyu ko kina nema, ki bar ritinol da danginsa gaba ɗaya, ki tambayi likita. Haka nan duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ko wadda ke alƙawarin haske cikin 'yan kwanaki, ki guje ta. An sha samun sitiroid (magani mai ƙarfi na rage kumburi) da makuri (wani ƙarfe mai guba) a irin waɗannan, sitiroid kuwa yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito.

Ki fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne na 'yan kwanaki. Sannan ki rubuto mana duk abubuwan da ke jerin, sai mu san wane iri ne a hannunki.